Yadda Za Ka Rubuta Muƙala a Wikipedia ta Hausa Ba Tare da An Goge Ta Ba

Muƙalar farko da na rubuta a Wikipedia ta Hausa ko kwana uku ba ta yi ba aka goge ta. A kan wani dattijo ce, ɗan kasuwar goro da ya tsufa a Agege da ke Legas, wanda unguwa ta san shi da saukar baƙi daga Arewa da raba gardama tsakanin fatake. Na zauna da shi a kan tabarma a ƙofar gidansa bayan sallar La'asar, na naɗi maganarsa a waya, na koma ɗaki na raba dare ina bugawa da yatsa ɗaya. Babu ƙarya ko guda a cikin abin da na rubuta, amma wanda ya goge ta ya bar mini gajeren saƙo cewa muƙalar ba ta da madogara. Na ji zafin abin, har na ɗauka raini ne. Sai da na daɗe ina gyare-gyare sannan na gane cewa na fara aikin ne daga inda ya kamata in ƙare shi, wato na riga na rubuta sannan na soma tunanin hujja.

Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a ranar 15 ga Janairu, 2001, tsarinta shi ne kowa yana iya gyarawa, ba a tambayar takardar shaidar karatu, ba a ma tilasta wa mutum faɗin sunansa na gaskiya. Tun da mai karatu bai san wanda ya rubuta ba, ba shi da dalilin yarda da marubuci, sai dai ya yarda da inda marubucin ya samo maganar. Wanda ya taɓa zama gaban malami ba baƙo ba ne ga wannan, domin ya san ana duba isnadi kafin a karɓi ruwaya. Daga nan ne manyan ƙa'idojin rubutu guda uku suka fito: duk bayani ya zama wanda za a iya bin sawunsa zuwa wata madogara da aka wallafa, marubuci kada ya ɗauki ɓangare, kuma kada ya shigar da binciken ƙashin kansa. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a nan abin da ka gani da idonka a Idi-Araba ko Obalende ba ya shiga muƙala sai wani ya riga ya buga shi a wurin da wasu za su iya dubawa.

Tara madogara kafin ka rubuta ko kalma ɗaya

Kafin ka buɗe sabuwar muƙala, ka nemi aƙalla madogara biyu ko uku waɗanda suka yi magana mai tsawo a kan batun, kuma waɗanda ba su da alaƙa da mai batun. Ambaton suna a cikin jerin mahalarta taro ba ya wadatarwa. Idan ka yi nema ka rasa, wannan alama ce cewa batun bai cancanci muƙala tasa ta kansa ba tukuna, komai girmansa a idon jama'ar unguwa. Dattijon nan nawa a nan ya faɗi.

Madogara mai inganci ita ce wadda ta bi ta hannun masu tacewa kafin ta fito: littafin da sanannen kamfanin ɗab'i ya buga, mujallar bincike ta jami'a, jarida ko gidan rediyo mai edita da yake gyara kuskure idan an yi. Aminiya da Daily Trust suna ciki, haka Punch, haka Guardian da Vanguard da ake bugawa a nan Legas, haka sassan Hausa na BBC da DW da Muryar Amurka, da na RFI wanda ya fara aiki a 2007 daga wannan birni namu. Ba sharaɗi ba ne madogarar ta zama da Hausa. Ta Turanci ko Larabci ko Faransanci ko Yarbanci duk suna halatta, muddin ka fahimci abin da take faɗa. Saƙon da aka yi ta turawa a WhatsApp ba madogara ba ne, haka rubutun wani a Facebook ko bidiyon TikTok. Ita kanta Wikipedia ba ta zama madogara ga kanta, ko da ta wani harshe ce. Idan ka ga bayani a ta Turanci, ka gangara ƙasa ka buɗe hujjar da suka kafa, ka karanta ta da kanka, ita za ka kawo.

Akwai wani tarko da ya kamata mazaunin Legas ya sani fiye da kowa. Ba duk abin da ya fito a jarida ne aikin jarida ba. Shafin taya murnar naɗin sarauta ko zagayowar ranar haihuwa, wanda abokai suka haɗa kuɗi suka saya, talla ce ko da an jera tarihin mutum a ciki. Haka sanarwar da kamfani ya rubuta da kansa ya raba wa jaridu. Alamarta ita ce ka ga labari ɗaya, kalma da kalma, a jaridu huɗu a rana guda, babu sunan wakili, babu ko tambaya ɗaya mai tsauri. Waɗannan huɗun madogara ɗaya ce, kuma daga bakin mai abin ta fito.

Wajen nema kuwa, mazaunin Legas ya fi mutane da yawa gata. Akwai ɗakin karatu na Jami'ar Legas a Akoka, akwai reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa a Yaba, sannan Google Books da Google Scholar suna cikin wayarka. Idan asusunka na Wikipedia ya kai wata shida kuma ka yi gyara 500, kana iya samun shiga Wikipedia Library, inda ake karanta mujallun bincike na kuɗi kyauta. Takardun zamanin mulkin mallaka da suka shafi wannan yanki da yawansu suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Ibadan, sai dai irin waɗannan ɗanyun takardu ana taka-tsantsan da su: kana iya ɗauko abin da wasiƙar jami'in Turawa ta faɗa ƙarara, amma fassara manufarta aikin masanin tarihi ne.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi wuyar ganewa, domin masu ilimi ne suka fi yin sa. Dole madogarar ta faɗi ainihin abin da jimlarka ta faɗa. Binciken da Abner Cohen ya wallafa a 1969 a kan Hausawan Sabo da fataucin goro da shanu bincike ne na Ibadan. Ba daidai ba ne ka ɗauko bayaninsa ka ɗora wa Zangon Agege don kawai kana ganin sun yi kama. Haka kuma, a ce wani littafi ya gaya maka an haɗe layin dogo daga Legas har Kano a 1912, wani kuma ya gaya maka Agege ta shahara da cinikin goro. Kana iya rubuta kowace jimla da hujjarta. Amma da zarar ka sa "saboda haka" a tsakaninsu, ka ce jirgin ƙasa ne ya kawo Hausawa Agege, to ka haifi magana ta uku wadda babu littafin da ya faɗe ta a cikin biyun. Mai yiwuwa gaskiya ce, sai dai kana bukatar marubucin da ya faɗe ta da bakinsa.

Yadda ake liƙa madogara

Aikin hannun ba shi da wuya. Ka danna maɓallin gyara, ka ajiye alamar rubutu a ƙarshen jimlar bayan aya, sannan ka danna maɓallin kafa hujja mai siffar alamar zance. Idan ka manna adireshin shafin intanet, ko lambar ISBN ta littafi, ko lambar DOI ta mujalla, na'urar za ta cike bayanan da kanta. Ka duba abin da ta cike, domin takan sa sunan jarida a gurbin marubuci ko ta bar kwanan wata babu komai. Ga littafi ana son sunan marubuci, sunan littafi, mawallafi, shekara da lambar shafi, kuma lambar shafin nan kada ka raina ta, domin tura mai karatu ga littafi mai shafi ɗari huɗu ba tare da ita ba daidai yake da ce wa baƙo gidanka yana Legas. Ga labarin intanet ka ƙara ranar da ka karanta shi, kuma yana da kyau ka adana kwafinsa a Wayback Machine ta Internet Archive, saboda jaridu kan sauya shafukansu tsofaffin adireshi su mutu. Duk waɗannan za su jeru da kansu a ƙasan muƙala ƙarƙashin sashen Manazarta. Kafin ka wallafa, ka rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ka canza a gurbin da aka tanada, ko da kalma biyar ce. Idan kana aiki a waya, ka riƙa wallafawa kaɗan-kaɗan. Na taɓa rasa aikin awa biyu a cikin cunkoson motoci lokacin da cajin wayata ya ƙare.

Harshen muƙala

A ganina nan ne Bahaushe ya fi shan wahala, domin harshenmu na yabo ne da ladabi, kuma tun muna yara aka hore mu kada mu ambaci babba gatsau. Kundin ilimi kuwa ba ya kirari. Dubi wannan jimla, wadda na sha ganin irinta: "Kasuwar Mile 12 ita ce kasuwa mafi albarka a duk faɗin Afirka, wadda jajirtattun 'yan'uwanmu suke riƙe da ita." Matsala uku ce a ciki. Albarka ba abin aunawa ba ce, "jajirtattu" yabo ne, "'yan'uwanmu" kuma ya nuna marubuci yana da ɓangare, alhali mai karatu yana iya zama Bayarabe mai jin Hausa ko Bahaushen Damagaram. Abin da ya dace shi ne: "Kasuwar Mile 12 kasuwar kayan abinci ce da ke ƙaramar hukumar Kosofe a jihar Legas, inda ake sauke tumatir, albasa, tattasai da attaruhu, akasarinsu daga arewacin Najeriya." Sai hujja ta biyo baya. Idan wata jarida ta kira ta ɗaya daga cikin mafiya girma, ka faɗi haka tare da sunan jaridar. Haka nan "gwarzo", "haziƙi", "shahararre", "uban marayu" da addu'o'in bayan suna, duk a ajiye su. Sarauta ko muƙami ana faɗinsu a matsayin bayani, a ce an naɗa wane sarautar kaza a shekara kaza, ba a maimaita "mai girma" a kowace jimla.

Inda madogara suka saɓa, aikinka shi ne ka kawo saɓanin, ba ka yanke hukunci ba. Babu misalin da ya kai yawan jama'ar Legas. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Legas mutum miliyan 9 da ɗoriya, ta sa jihar Kano gaba da ita da kaɗan, gwamnatin Legas kuma ta ƙi amincewa, ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. Bakano mazaunin Legas yana iya samun ra'ayi mai zafi a kan wannan, ta kowace fuska. A muƙala kuwa sai ya rubuta cewa hukumar ƙidaya ta ƙasa ta ba da adadi kaza, gwamnatin jiha ta ba da kaza, kowanne da hujjarsa, ya tsaya nan. Haka za ka yi da rikicin kasuwa ko na unguwa, irin wanda ya faru a Mile 12 a watan Maris na 2016: kowane adadi da kowane zargi a jingina shi ga wanda ya faɗa, kuma a guji kalmar da ke ɗora laifi a kan ƙabila sukutum. Sai dai rashin ɗaukar ɓangare ba ya nufin a daidaita maganar masana da jita-jitar tasha. Kowane ra'ayi ana ba shi fili gwargwadon nauyinsa a cikin ingantattun madogara.

Ka kiyayi "wai", "an ce", "wasu na ganin" da "kowa ya sani", domin duk hanyoyi ne na shigar da magana ba tare da mai ita ba. Ka kiyayi "bana", "bara" da "kwanan nan", domin muƙala za ta daɗe bayan ka manta da ita. Rubuta cewa an mayar da babban birnin tarayya daga Legas zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, ko cewa an ƙirƙiri jihar Legas a ranar 27 ga Mayu, 1967. Irin wannan jimla ba ta tsufa.

A kan mutumin da ke raye, ƙa'idar ta fi tsanani. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a Wikipedia ta Turanci cewa an taɓa zargin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙaninsa Robert, ƙaryar ta zauna watanni kafin a gano ta, kuma bayan wannan abin kunya ne aka tsaurara dokar rubutu a kan rayayyu. Duk wani zargi marar hujja mai ƙarfi ana cire shi nan take ba tare da jiran tattaunawa ba, kuma ba a sa lambar waya, adireshin gida ko sunayen ƙananan yara. Kada ka rubuta a kan kanka, ko maigidanka, ko ƙungiyar da kake shugabanta. Idan kuwa biyan ka aka yi, sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, tun 2014 sun wajabta ka bayyana wanda ya biya ka. Wikipedia ta Hausa ba ta da yawan masu sa ido kamar ta Turanci, kuma a wurina wannan dalili ne na ƙara kiyayewa, domin ƙazafin da ka shigar yana iya daɗewa babu wanda ya lura.

Tsarin muƙala sananne ne: jimlar farko ta faɗi mene ne abin, da sunansa da baƙin rubutu mai kauri, sakin layin farko ya taƙaita muƙalar, sannan sassa su biyo baya. Wajen suna, ana zaɓar wanda madogaran Hausa suka fi amfani da shi. Garin nan kakanninmu Ikko suke ce masa, daga Eko na Yarbawa, kafofin labarai na Hausa kuma sun fi cewa Legas. Kafin ka buɗe sabuwar muƙala ka bincika da kowane suna, kada ka maimaita abin da yake akwai. Sauran sunayen ana ambatonsu a jimlar farko, a kuma yi musu shafin turawa, wato wanda ke kai mai neman sunan kai tsaye zuwa muƙalar. Ƙa'idar rubutu ma ba ado ba ce. Ka sa wa wayarka allon rubutu mai ɓ, ɗ da ƙ, domin kafa daban take da ƙafa, baki daban da baƙi. Ana rubuta "yana" a haɗe, "shi ne" a rabe, kuma "a kan" mai nuna wuri daban yake da "akan" mai nuna sabo. Hausarmu ta Legas da ta sha Turanci da Yarbanci tana da daɗi a bakin kasuwa, amma a muƙala daidaitacciyar Hausa ake bi.

Fassarar na'ura ita ce ta fi ɓata mana kundin nan, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba. Kayan fassara da Wikipedia ta tanada suna da amfani, domin suna kwaso hujjoji da mahaɗai su kuma rubuta inda aka ɗauko muƙalar, amma Hausar da na'ura ke fitarwa ɗanya ce. Ka karanta kowace jimla da ƙarfi; idan ba za ka iya faɗinta ga mahaifinka ya gane ba, ka rushe ta ka sake gini. Kwafe rubutun jarida ko littafi kalma da kalma kuwa haramun ne, ko da ka ambaci mai shi, saboda duk abin da ke Wikipedia ana sake shi ne ƙarƙashin lasisin CC BY-SA wanda ya ba kowa damar ɗauka, kuma ba ka da ikon kyautar da abin da ba naka ba. Ka karanta, ka rufe littafin, ka rubuta da kalmominka. Hoto ma haka: wanda ka ɗauka da kanka na Masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894, kana iya ɗora shi a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan da Wikipedia ke amfani da su, amma wanda ka tsinta a intanet a'a.

Idan wani ya soke gyaranka, kada ka mayar nan take. Ka buɗe tarihin shafin ka ga dalilin da ya rubuta, sannan ka je shafin tattaunawa ka yi sallama, ka kawo hujjarka, ka sa hannu da alamar ~ sau huɗu. A Wikipedia ta Turanci, wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 yana iya fuskantar toshewa, kuma kowace Wikipedia tana da nata matakan a kan masu ja-in-ja. Ka yi magana a kan jimlar, ka bar mutumin.

Saura batun da ya fi ci mini rai, wato tarihin baka. Turawa sun rubuta yadda Kyaftin John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas a 1863, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya, don haka wannan yana da hujjoji birjik. Amma labarin mahauta, masu canji, fataken goro da malaman zaure da suka gina unguwanninmu yawancinsa yana cikin ƙirazan tsofaffi. Ƙa'idar ba za ta karɓe shi kai tsaye ba, don haka sai a bi ta zagaye: a kai wa ɗan jarida labarin ya bincika ya buga, ko a haɗa dattijo da mai binciken jami'a, idan an wallafa sai a dawo a kafa hujja da shi. Da na koma wurin dattijon nan na ce, "Baba, sun ce sai an buga a jarida ko littafi tukuna," sai ya yi dariya ya ɓare goro ya miƙo mini ɓari, ya ce, "To, yaro, kawo mai jaridar, amma ka gaya masa ya zo da wuri." Naɗin muryarsa yana nan na kwafe shi wuri biyu, kuma na riga na yi magana da wani wakili da ya ce zai zo Agege bayan Sallah.